Ciwon Cikin Hajiya Sa'adatu

Hajiya Sa'adatu ce mai wata makarantar firamare a Nassarawa GRA, gidanta kuma yana baya, katanga ɗaya ce ta raba su. Malamanta sun san ta da haƙuri, amma kusan wata takwas ke nan ta canza. Abu kaɗan sai ta hau faɗa. In ta koma ofis ta rufe ƙofa, sai ta ji ƙirjinta yana bugawa, ba ta san dalili ba. Ga ciki kullum a kumbure, sai ta kwana uku ba ta zaga ba.

Wata Litinin Malama Zainab, mai koyar da aji uku, ta makara da minti goma saboda cunkoso a hanyar Hotoro. Sa'adatu ta tare ta a gaban yara ta wanke ta tas. Hawaye suka zubo wa Zainab. Sa'adatu ta shiga ofis, ita ma kuka ya ƙwace mata. A ranar ta tafi asibiti.

Dakta Aƙilu ya sa aka yi mata gwaje-gwaje, ba a ga wani mugun abu ba. Da ta koma karɓar sakamako sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, me kika ci jiya, daga safe zuwa yamma?"

Ta lissafa: shayi da sukari cokali huɗu, cincin, lemon kwalba uku, sai indomi da yamma.

"Ganye fa? Wake? Nono?"

"Likita, ina lokacin?"

"In cikin ya murɗa me kike sha?"

Ta ce tana aikawa kemis a sayo mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, ja da baƙin nan.

Ya girgiza kai. Ya ce mata a cikin hanji akwai ƙananan halittu masu amfani da ke rayuwa da ganye da hatsi da irin su kindirmo, kuma shan maganin nan ba bisa ƙa'ida ba yana kashe su. Ya ce hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo, idan ɗaya ya rikice ɗayan yakan ji a jikinsa. "Ban ce abinci kaɗai zai warkar da damuwarki ba," in ji shi. "Amma mu fara daga nan. Ki dawo bayan sati shida."

Tana isa gida ta wuce kicin, inda Iya Kande, dattijuwar Ringim da ke mata girki shekara shida, take tsince shinkafa. Sa'adatu ta buɗe firij ta fara fito da kwalaben lemo tana jerawa a ƙasa.

"Lafiya, Hajiya?"

"Iya, daga yau abin da kika ci shi zan ci."

Kande ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. "Ni da nake tuƙa tuwo kina cewa a miƙa wa maigadi? Za ki iya da miyar kuka mai daddawa?"

"Ko ba zan iya ba, zuba min."

Satin farko ya yi mata wuya. Kanta ya dinga sarawa saboda rashin zaƙin da ta saba. Ranar da ta ci wake da alayyafo, cikin ya ƙara kumbura, ta ce da Kande wannan ai ƙara mata ciwo ake yi. Kande ta ce, "Kin cika kwano ne kamar mai zuwa noma. Kaɗan-kaɗan za ki fara." Daga nan ta riƙa jiƙa waken tun safe, tana zuba mata ludayi ɗaya. Da safe koko ba sukari sosai, da rana dambu da zogale ko fate, da la'asar kindirmo rabin kofi. Bayan sallar asuba Sa'adatu takan zaga layinsu sau biyu a ƙafa, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya.

A kwana na goma sha biyu aka yi sunan jikar yayarta a Kawaji. Aka ajiye mata lemo mai sanyi da soyayyen nama da kek. Ta sha kwalba biyu, ta cinye kek ɗin. Washegari ta tashi jiki a mace, rai a ɓace.

"Na karya doka, Iya," ta ce.

"Kin ci na biki, an gama biki. Ga kokonki yana hucewa."

Ta ja kofin ta shanye.

A sati na huɗu ta lura tana zagawa bayan gida kowace safiya ba wahala. Wata rana wani yaro ya fasa gilashin tagar ofishinta da ƙwallo. Ta ji fushin ya taso, amma bai kai mata wuya ba, har ta iya tambayarsa ko ya yanke kafin ta yi masa faɗa.

Da sati shida suka cika ta koma wurin Dakta Aƙilu. Ta ce cikin ya lafa, faɗan ya ragu, amma har yanzu wani lokaci fargaba takan kama ta ba gaira ba dalili. Ya ce zai haɗa ta da likitar ƙwaƙwalwa su riƙa tattaunawa. Da can da ta ƙi, don gudun abin da mutane za su ce. Yanzu cewa ta yi, "Wace rana take zama?"

A hanyar komawa ta tsaya a shagon makaranta, ta daɗe tana kallon abin da ake sayar wa yara lokacin tara: alewa, biskit, lemo kala-kala. Ta kira taron iyaye ranar Asabar, ta ce daga zango mai zuwa gyaɗa da ayaba da dafaffen ƙwai da kindirmo za a riƙa sayarwa.

Wani uba, Alhaji Falalu, ya miƙe. "Hajiya, yarana ba za su ci ba. Kuka za su yi ta yi mana."

"Za su yi, Alhaji," ta ce. "Ni ma da girmana sai da na yi sati ina mita. Ku ba ni zango ɗaya. In bai yi ba, ku dawo nan ku faɗa min a gaban kowa."

Aka ɗaga hannu. Goma sha bakwai suka yarda, tara suka ƙi. Sa'adatu ta rubuta, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya san mai kawo nono mai tsabta kullum da safe.