Numfashin Ya Zaliha

…ai ba hannun ba ne. Hannun lafiyarsa lau. Aisami yana kallonsa a kan izgar nan doguwa ta Nasara, ba rawa, ba gumi, hannun da ya tsufa a kan goge, hannun da ya koyar da rabin masu gogen garinsu Bune. To me ya tsayar da shi? Wa ya riƙe shi?

"Sake," in ji Baba Fannami, tsohon malamin goge na Barno.

Sake. Tun hantsi ba a ce masa komai ba sai sake.

Yana gyara zama a kan kujerar likita. Kujera ma… mai goge da kujera! Abin yana tsakanin gwiwoyinsa, ya jingina da ƙirjinsa kamar mara lafiyar da aka tayar za a ba ruwa. Goge ne, in ji su, gogen Nasara, biyolansel ko me tafinta ya kira shi. Tsirkiya huɗu, ciki na jan katako, ba ƙwarya, ba fatar guza, da ƙafa ɗaya siririya da ke nutsewa cikin rairayi duk sa'ad da mutum ya motsa. Na likitan bariki ne. Shi ya fito da shi ranar da aka buɗe taron, ya ja, matan Abzin suka rufe baki da mayafi suna dariya. Baba Fannami bai yi dariya ba. Ya shafa wuyan abin, ya bi izgar da yatsa daga kai har gindi, ya roƙa a bar masa shi a rumfa. Ƙaramin goge, in ji shi, yana rufa wa mai shi asiri: izga gajera, ka je ka dawo, ka je ka dawo, ba wanda zai ga inda ka yi tuntuɓe. Wannan kuwa ba ya rufa wa kowa.

Bai rufa ba kuwa.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, shi ne ya tara masu goge a Gure bayan girbi. Daga Barno, daga Kanem, daga Agadas, har daga ƙasar Ingilishi, Kano da Katsina… Da la'asar wasa a filin bariki, mutane har kan katanga. Da rana kuwa nan, rumfar zana bayan gidan likita, inda ba a barin ɗan koyo ya leƙo. Duk wanda ke zaune a tabarman nan malami ne a garinsu, yana da masu durƙusa masa. Ga su nan sun naɗe ƙafafu gaban tsohon Barno kamar ba su taɓa riƙe izga ba. Shi ma da furfurarsa… shi ma.

Abin da aka ce ya yi ba wuya. Gaɓar farko ta taken Rijiyar Gamu, a kan tsirkiya mai kauri, da ja ɗaya, daga gindin izga zuwa kanta, ba ɗagawa. Taken da yake yi tun bai yi kaciya ba! Ko cikin barci aka tashe shi—

Yana ja.

Sautin ba ta kunne yake shiga ba. Ta haƙarƙari. Katakon yana rawa a jikin ƙirjinsa, ƙasa-ƙasa, mai kauri, da ɗan ƙaiƙayi a gefensa kamar an sha hayaƙin murhu… Wa ya ba Nasara wannan murya? A ina suka ji ta? Ba su taɓa zuwa Bune ba. Ba su taɓa tsayawa bayan danga suna tambaya, wane namiji ne ke waƙa a gidan nan, a ce musu ba namiji ba ne, Zaliha ce.

Ya Zaliha. Yayarsa. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu, bayanta ya fara jin waƙa, kunnensa manne da ƙashin kafaɗarta, haka, haka dai, ta cikin ƙashi — ita tana daka tana rerawa, shi yana jijjiga. Da ya girma ya ɗauki gogen ubansu, ita ta ɗauki ƙwarya. Biki, suna, kasuwa, bakin rijiya inda Fulani ke shayarwa. Ba a kiran ɗaya a bar ɗaya. Kuma a tsakiyar gaɓar nan, daidai inda waƙar ke gangarowa kamar guga, nan take jan numfashi. Kullum nan. Kaɗan ne, ƙiftawar ido. Shi kuma ya ɗan sassauta hannu, ya ba ta hanya, ta dawo, su tafi tare…

Izgar ta tsaya.

Ta tsaya a tsakiya. Rabi ta wuce, rabi na jira. Rumfar ta yi tsit, sai kukan jaki can wajen kasuwa, da wani gardi mai tsaron bariki yana yi wa wani tsawa.

Bai tsayar da ita ba. Wallahi bai tsayar ba.

Shekarar fara ce. Sama ta yi duhu da tsakar rana, suka sauka, suka tashi, ba ko kara. Daga baya mutane suka shiga tonon gidan tururuwa. Wa zai kira mai goge? Wa ke suna, wa ke biki? Shi da ita suka kama hanyar Kelle da ƙafa, an ce can fataken kanwa suna da hatsi. Ƙafafunta sun kumbura, in ya danna da yatsa ramin ba ya komawa. Tana yi masa dariya — dubi, Aisami, na yi ƙiba. A kasuwa ta jingina da gindin goruba. Wani falke mai jan rawani ya gane su, ya ce ku ne na Bune? Ku yi mini Rijiyar Gamu, in auna muku gero. Aisami ya ce mata bari, Ya, ni kaɗai zan yi. Ta ce yaushe ka taɓa yi kai kaɗai?

Ta fara. Muryar tana nan, duk abin da yunwa ta ci ba ta ci muryar ba. Mutane suka matso, masu ƙasusuwa a waje, masu jarirai da ba sa kuka. Ta gangaro… ta gangaro… ta ja numfashi. Ya ji shi, da ɗan fito a ciki. Ya sassauta hannu.

Ya jira.

Ƙuda ya sauka a leɓenta. Ba ta kore shi ba. Ya jira. Ai takan dawo. Wata mata ta fara salati, wani ya tuɓe hula, shi yana nan da izga a tsakiyar tsirkiya, yana kallon bakinta, yanzu, yanzu za ta — har falken ya zo ya kama masa hannu ya sauke. Ya ba da geron kuwa. Har da ƙyallen da aka yi mata likkafani da shi.

"Wa kake jira?"

Baba Fannami ne. Idanunsa a rufe, kansa a karkace, kamar mai sauraron ruwa a ƙasan rijiya.

"Ba kowa, Baba."

"Hannunka ya fi na duk wanda ke rumfar nan. Shi ya sa nake wahalar da kai. Amma taken nan na san shi tun kafin a haifi ubanka, ba rami a cikinsa. Gobe kai nake so ka buɗe fili, gaban kowa, in ɗora maka hannu su gani. In ka cike ramin. In ba ka cike ba, ɗana, ka koma Bune ka yi wa kanka, ka daina koya wa 'ya'yan mutane waƙa mai ɗingishi."

Ɗingishi. Rami.

Bai ce da mugunta ba, shi ne abin. Da da mugunta ya faɗa, da an tashi an kaɗe riga. Gaskiyarsa ce. Wanda Baba Fannami ya ɗora wa hannu, daga nan har bakin Chadi ba mai tambayarsa wa ya koya maka. Tsohon ba zai ga wani taron ba, kowa ya sani, dubi yadda yake riƙe ƙoƙon ruwa da hannu biyu. Kuma ba a banza yake faɗa ba… rami ne. Da can ƙiftawar ido ne, yanzu fa? Yaushe ya yi tsawo haka? Wa ya lura? A Bune ba wanda ya taɓa cewa komai. Ko tausayi ne? Duk shekarun nan tausayinsa ake ji, shi yana tsammani…

Wani yana gyaran murya a ƙarshen tabarma. Ɗan Talata, na Katsina, dogon nan mai tsage a kumatu, wanda bai cika magana ba.

"Allah ya ja kwana, Baba, a gafarce ni. Mu ma can haka muke yinsa."

Ya ɗauko nasa gogen, ƙarami, na ƙwarya, ya goga ƙaro a izga. Ya fara. Rijiyar Gamu ce, da ɗan karin mutanen yamma, amma ita ce. Ta gangaro… ta gangaro…

Ya tsaya.

Aisami yana jin gashin hannunsa yana tashi. Mutumin nan bai taɓa ganinta ba. Bai san goruba ba, bai san ƙudan ba. Ga shi ya ɗaga gira, ya ɗan buɗe baki, yana jira, yana jira da dukan fuskarsa — sannan ya ci gaba.

"Wurin wani mutumin Tasawa na karɓa," in ji Ɗan Talata. "Shi kuma ya ce daga wani ɗan Bune. An ce mana ba a taka wurin nan. Mai shi na wucewa."

Mai shi.

Wane ɗan Bune? Umara ne, da ya bi fatake yamma? Ko Ibram mai hannun hagu? Duk ya koya musu. Ya zaunar da su a zaure, ya ce ku bi hannuna, suka bi. Bai taɓa cewa ku tsaya nan ba. Bai taɓa faɗin sunanta a zauren ba. Suka ɗauka cikin waƙar ne, suka ɗaure a kayansu, suka tafi da shi… Tasawa, Katsina. Ita da ba ta taɓa wuce Damagaram ba. Ita da take cewa wata rana sai ta ga Kano ko da a kan jaki. Yanzu a wani gari da bai san sunansa ba, wani yana ɗaga izga, taro ya yi shiru, ana ba ta hanya. Bori suke tsammani. Iska. Ya Zaliha da ke tsoron ko mazari…

Dariya ce ke taso masa ko me? Ya haɗiye.

Baba Fannami ya buɗe ido. Bai kalli Ɗan Talata ba. Aisami yake kallo, ya daɗe, idanun nan da suka fara fari a gefe.

"Ka gani," in ji shi a hankali. "Har ya yi 'ya'ya." Ya nuna izgar da haɓa. "Ni dai abin da aka ba ni nake son in bari yadda aka ba ni. Sake."

Inuwar rumfa ta ja baya, rana ta kama ƙafarsa ta hagu. Kafaɗarsa kamar an ɗora dutsen niƙa. Ya mayar da izga gindi. Katakon ya yi ɗumi da jikinsa, kamar mai rai, kamar baya.

Ja ɗaya ne. Ya wuce kawai. Ba ita ce a ramin ba, ita tana Kelle, gabas da kasuwa, ƙarƙashin ƙayar da ya jera da hannunsa. Ya wuce, gobe a ɗora masa hannu, ya koma gida ya tara su a zaure ya ce kuskure ne, 'ya'yana, nawa ne, ku cike. Ya aika Tasawa. Ya aika Katsina. Ku daina jira, ba mai zuwa…

To in an cike, a ina za ta—

A'a. Ja.

Muryar ta taso ta cikin haƙarƙari. Ga dabara: kada ya saurari wurin, ya riga shi. Ya sa baitin da ke gaba a bakinsa tun yanzu, ya kama shi kamar igiya, ya ja kansa ya haye. Baitin da take dawowa da shi bayan numfashin. Sau nawa ya ji shi? A goye ya ji shi. Yana farawa da… da sunan wani ne? Ko da ruwa? Akwai guga a ciki, ko a baitin baya ne gugan? Tana ɗaga haɓa in za ta faɗe shi, wannan ya gani, ga haɓar, ga wushiryar, ga leɓen yana buɗewa…

Waƙar tana gangarowa. Izga ta kusa tsakiya.

Me take cewa?

Ya Zaliha, me kike cewa a nan?

Babu. Ya laluba, babu. Yaushe ya tafi? Bara? Tun a Kelle? Duk shekarun nan yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran magana, bai ko san wace magana ba ce, kuma duk duniya ba sauran wanda zai tambaya…

Izgar tana tsakiya. Ba ta tsaya ba tukuna, ba ta wuce ba. Tsirkiyar tana nishi ƙasa-ƙasa a ƙarƙashinta, siriri, siriri, kuma hannun — yanzu kam hannun yana rawa.