Bayan Hannun Baba Zafi

Shekara talatin da ɗaya Baba Zafi yana kula da ɗakin gwaje-gwajen nan, kuma bai taɓa gaida kowa da safe ba sai ya fara taɓa tsohuwar tukunyar ɗumama da bayan hannunsa. Ma'aunin zafi yana nan a jikinta, amma shi bai yarda da shi ba. Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa sunan.

A cikin tukunyar akwai kwalabe shida, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Marigayi Farfesa ne ya ɗebo su daga wani marmaro mai tafasa. "Waɗannan irin na farkon duniya ne," yakan ce. "Ba ruwansu da rana, iskar da muke shaƙa ma guba ce gare su. Ka ba su farar wuta da iskar haidurojin, ruwan ya kusa tafasa, shi ke nan sun ci sun ƙoshi." Baba Zafi yakan yi dariya ya ce masu kwaɗayin wahala ke nan. Allah sarki, yana kewar mutumin nan ƙwarai.

Yau ranar ritayarsa ce, tukunyar kuwa za a fitar da ita. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: wa zai kula da halittun nan? Yaran yanzu, komai sai allo ya gaya musu.

Dakta ta shigo, shugabar sashen, wadda shi ya koya wa wanke kwalba tana ɗaliba.

"Baba, zo ka ga sabon gidan 'ya'yanka."

Ya bi ta yana gunaguni. Sabuwar na'urar fara fat, sai lambobi ke ƙyalli. Tab, wannan ai firij ce! Ya buɗe baki zai fara wa'azi, sai ya ga Dakta ta kai bayan hannunta jikin murfin, ta ɗan jira, sannan ta juyo.

"Me za ka ce, Baba?"

Ba ta ma san ta yi ba. Idonsa ya ciko. Ya zaro makullin ɗakin daga aljihu ya sa mata a tafin hannu.

"Ba komai, 'yata. Mu kwaso kwalaben kafin su huce."