Shuɗin da Ya Bi Inna Kubra

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, Laurent, wani tela a Dogon Dutsi, ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki a gidansa. Inna Kubra ita kaɗai take zaune a ƙauye tun rasuwar mijinta, sau uku yana roƙonta ta taso tana ƙi. A ƙarshe ta ce za ta zo ta duba. In ɗakin bai yi mata ba, ta koma.

Sai gardama ta tashi a kan launin bango. Laurent shuɗi yake so, irin na ɗakin shan maganin mishan, mai sanyaya ido da tsakar rana. Matarsa Marguerite ta ce ruwan ƙasa, irin wanda tsohuwar ta saba gani.

"Shuɗin nan naka, mutum ya shiga sai ya ji kamar allura za a yi mishi," in ji ta.

"Naki kuwa kamar an faɗa rumbu!"

Suka raba, bangon gabas nasa, na yamma nata. Marguerite ta dama farar ƙasa da 'yar jar ƙasa, ta jiƙa ƙaro ta zuba don ya kama. Laurent bai taɓa shafe bango ba. Ya dama farar ƙasa da bular wanki, ya ga launi ya fito, bai tambayi kowa ba.

Inna ta iso da hantsi sanye da farin mayafi. Ta dubi nan, ta dubi can, ta zauna ta jingina da bangon gabas.

"Wannan da sanyi," ta ce.

Laurent ya ɗaga wa matarsa gira.

Da ta tashi, bayanta ya rine shuɗi tun daga kafaɗa har ƙugu. Marguerite ta toshe baki. 

Inna ta juyo mayafin ta duba. Ta goga yatsa a bangon yamma, fes. Ta goga a na gabas.

"Wa ya yi wannan babu ƙaro?"

"Ni ne, Inna."

Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ɗan da na haifa! Ɗiyata, haka kike fama da shi? Ai ba ya baruwa babu mai kallo. Samo min ƙaro, ni zan sake shafe bangon da hannuna. Kai kuma, aika wa ƙanenka Sallau ya je ƙauye ya koro min awakina."