Layi Na Ƙarshe a Littafin Ortensia

"Sake faɗa, Ortensia. A hankali, don Allah."

Tsohuwar ta sake faɗa, kalma ɗaya tak, ta damƙe hannun Vreni. Vreni ta miƙa mata ruwa, ta kau da kai. Ta gyara mata matashi, ba shi ba ne. Ta buɗe taga, ƙarar motocin Bern ta shigo, Ortensia ta runtse ido.

Kai, wannan abu da ciwo yake! Shekara talatin matar nan tana fassara takardun rigakafi tsakanin Ingilishi, Jamusanci, Faransanci da Italiyanci. Tun da ɓarin jikinta ya shanye duk suka zube, sai yaren ƙauyensu na bayan duwatsu, wani tsohon karin Italiyanci. Vreni kuwa, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa, ban da Jamusanci ba ta jin ko "zo".

Ta ɗauko littafin aikin Ortensia. Kowane shafi an tsaga shi gida huɗu, harshe ɗaya gida ɗaya, kuma Ortensia ba ta taɓa barin gida babu komai ba. "Kalmar da ta rasa 'yan'uwanta uku, wata uwa ce za ta fasa kai ɗanta asibiti," haka take cewa.

Vreni ta bi layukan da yatsa. Allura. Zazzaɓi. Kumburi. Zagaye na biyu.

"Ke ma dai!" ta ce. "Shafi ɗari uku, ba ki rubuta abin da mutum ke roƙo in zai tafi ba?"

Da hantsi nas ta zo, 'yar garin Lugano ce, Italiyanci harshen uwarta. Ta sunkuya ta saurara har sau uku.

"Ki yi haƙuri, Frau Aebischer," ta ce wa Vreni. "Wannan na ƙauyensu ne, kakata ce kawai za ta gane."

"To, kira ta mana!"

"Ta rasu bara."

Ortensia ta ci gaba da faɗa, tana kallon Vreni kamar mai jiran a miƙo mata abu daga kan tebur. Vreni ta miƙo hoto, ta miƙo tabarau, ta miƙo carbinta mai gicciye. Kafin rana ta yi tsaka, muryar ta ɗauke.

Vreni ta rufe mata ido. Ta zauna, ta buɗe shafin ƙarshe, ta rubuta kalmar yadda kunnenta ya ji, a gidan Italiyanci. Ta daɗe riƙe da biron a kan sauran gidaje ukun.