Dona Zenaide a Kan Sitiyari

Tun daga bakin get ɗin unguwar Dona Zenaide ta kasa zama wuri guda a cikin motar. Mai gadi ya karɓi katin shaidarsu, ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa but ɗin motar ya ga tukwanen da ta haɗo tun daga garinsu Feira, sannan ya ɗaga musu sandar. Ita dai kanta na waje, tana kallon jerin bishiyoyin kwakwa, da ciyawa kore shar, da fararen gidaje babu katanga a tsakaninsu. Iskar teku ta buso, har gishirin ake ji a leɓe.

"Mainha, shigo da kanki mana," in ji 'yarta Edilene da ke tuƙi, don da haka take kiran uwarta. "Mutane na kallonmu."

"Su kalla, ai ni ma kallonsu nake."

Gidan na wata likita ne da Edilene ke aiki tare da ita a asibiti a Salvador. Likitar ta yi tafiya, ta bar mata makulli, ita kuma ta ɗauko iyayenta su sha iska. Mahaifinta, Seu Nivaldo, tsohon direban bas ne, rayuwarsa duk a kan hanyar Feira zuwa Salvador ta ƙare. Ko yanzu da yake zaune a gefe, ƙafarsa na taka birkin da babu shi.

Zenaide ta zaga gidan tana taɓa komai, ta buɗe firji, ta gwada lilon kwanciya da ke baranda. Amma abin da ya tafi da hankalinta yana cikin rumfar mota: wata 'yar farar mota mai batir, ba ƙofa ba gilashi, da rufi kamar laima. Da irinta kowa ke zirga-zirga a unguwar, daga gida zuwa shagon burodi, daga can zuwa bakin teku. Ta ga wata yarinya ta wuce a ciki da kare a gefenta, hannu ɗaya a sitiyari.

Da safe suna cin dambun masara da kofi Zenaide ta ce, "Nivaldo, yau za ka koya mini waccan."

Ya ajiye kofinsa. "Ke tsohuwa, tun da na aure ki ko keke ban taɓa ganin kin hau ba."

"Wa ya hana ni? Ba kai ba ne kullum, mota ba wasa ba ce, mota ba wasa ba ce? To, wannan dai wasa ce. Tashi."

Ya tashi yana gunaguni. Ya nuna mata totur, ya nuna mata birki, ya nuna mata ɗan maɓallin ribas, ya yi ta bayani kamar zai miƙa mata bas cike da fasinja. Da ta taka, motar ta zabura ba ko ƙara, sai wata siririyar dariya ta kuɓuce mata. Ta hau gefen ciyawa, ta sauko, ta kusa ɗaukar kwandon shara. Nivaldo ya riƙe ƙarfen rufin da hannu biyu yana ta "a hankali, a hankali". Kafin rana ta take ta iya shan kwana, har tana ɗaga wa masu ban ruwan furanni hannu. Daɗi ya cika ta. Ta rasa dalilin da ya sa babu wanda ya taɓa gaya mata haka abin yake.

A gidan da ke kusa da su akwai wata dattijuwa, Dona Marilda, wadda ta mallaki gidanta tun ana fara gina unguwar. Mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta hana ta tafiya mai nisa. Kullum tana baranda da faffaɗar hula, tana kallon wannan darasi tana tafa hannu. Zenaide ta aika mata da miyar kifi mai manja da madarar kwakwa, daga nan suka zama kamar tare suka tashi.

Wata rana da la'asar Edilene ta fita sayayya, Nivaldo ya bi lafiyar lilo yana minshari. Zenaide ta zare makullin daga ƙusa, ta fito da motar a hankali, ta tsaya a ƙofar maƙwabciyarta.

"Dona Marilda, yaushe rabonki da bakin teku?"

"Wallahi na manta, 'yar uwa."

"Hau mu je."

A ƙarshen babban titin akwai ƙofar bakin teku, inda kowa ke ajiye motarsa ya ƙarasa da ƙafa. Ranar ƙofar a wangale take, masu kwashe kujeru da laima sun buɗe ta, ga kuma gangaren katako ya miƙe har kan yashi. Zenaide ta rage gudu. Ta dubi tekun, ta dubi gwiwar Marilda.

"An hana shiga da mota fa," in ji Marilda, idonta na ƙyalli. "Ni da kaina na ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar."

"To mu koma?"

"Wa ya ce miki mu koma? Taka."

Suka gangara. Mai gadin ƙofar, Seu Jurandir, ya fito daga ɗakinsa yana busa usur, amma tuni sun kai jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya janye ya bari, mai tauri kamar daɓe. Motar ta miƙe sumul. Zenaide ta take totur har ƙasa. Teku a hannun hagu yana ta ruri, kwakwa a dama suna wucewa, ƙananan tsuntsaye na tashi a gabansu. Iska ta fizge hular Marilda, ko waiwayowa ba ta yi ba, sai waƙa ta kama da tsohuwar muryarta. Masu ƙwallon bakin ruwa suka tsaya suna kallo, wani ya ɗaga musu babban yatsa. Zenaide ta yi ta danna hon ba gaira ba dalili.

Sun wuce iyakar katangar unguwar, sun kusa inda masunta ke jingine kwale-kwalensu, sannan ta ce bari ta juya. Nan ta yi kuskure. Maimakon ta juya ta sama, sai ta juya ta wajen ruwa, inda yashin ke da laushi. Tayoyin baya suka nutse. Ta ƙara wuta, suka ƙara nutsewa. Ta sa ribas, yashi ya yi ta feshi. Kafin ta gama tunani, igiyar ruwa ta zo ta lashi tayoyin ta koma.

"Ruwa na cikowa," in ji Marilda, ta ɗaga ƙafafunta kan kujera. "Ni kam ba inda zan iya gudu."

Zenaide, wadda tun zuwansu ba ta yarda ruwan ya wuce idon sawunta ba, ta tattare siket ta diro. Ta sa kafaɗa a bayan motar ta tura. Igiya ta biyu ta doke ta a cinya, ta uku ta ɗauke mata ƙafa, ta zauna daɓas a cikin kumfa. Ruwan ya shiga hancinta da bakinta, ɗumi gare shi, ga gishiri. Ta miƙe tana tari, gashi ya rufe mata fuska, sai ta ga ashe ba abin da ya same ta, dariya ta kama ta har ta kasa turawa.

Masuntan ne suka fara isowa a guje, su da 'yan ƙwallon, sai Seu Jurandir yana haki. Wani ƙaton masunci ya sunkuci Marilda kamar jaririya ya kai ta tudu, tana ce masa ya yi a hankali, ita matar mutunci ce. Sauran suka kewaye motar, aka ƙirga, aka ɗaga ta cak aka fita da ita, ruwa na tsiyaya daga ƙarƙashinta. Zenaide na cikinsu, ta riƙe gefe guda, ita ce ma mai ba da umarni.

Can sai ga Nivaldo a bayan babur ɗin masu gadi, ba takalmi, rigarsa a bai-bai. Ya diro tun babur bai gama tsayawa ba. Ta shirya jin faɗa, amma ko kallon motar bai yi ba. Ya kama fuskarta da hannu biyu, ya duba ta sama da ƙasa.

"An ce mini teku ya tafi da ku."

"Ƙarya suke, zama kawai na yi a ciki. Nivaldo, da ka ga yadda take gudu a kan yashin nan."

Ya dubi dogon sawun tayar da ta bari a bakin ruwa. "Tun daga can kika taho? Ba ki karkace ba ko kaɗan." Ya share ido da bayan hannu. "Amma wane direba ne ke juyawa ta wajen ruwa? Haba, tsohuwa."

Motar dai ba ta sake tashi ba sai da makaniki ya zo ya busar da ita ya canza wata waya. Hukumar unguwar ta karɓe makullin, Edilene ta buga wa likitar waya tana ba da haƙuri, kunya kamar ta nutse. Likitar ta yi ta dariya, ta ce a turo mata bidiyon, don tuni 'yan ƙwallon sun baza shi a wayoyin unguwar. Marilda ta je ofishin da sandarta, ta ce ita ta ba da umarni, in akwai mai magana ya yi da ita. Babu wanda ya yi.

Washegari Marilda ta sa aka yaye tamfol daga kan tata motar, wadda ke ajiye tun rasuwar mijinta, aka yi mata caji, ta miƙa wa Zenaide makullin. Sauran kwanakin hutun Zenaide ce ke kai ta shagon burodi da safe, da yamma kuma bakin teku, inda Seu Jurandir ke saurin rufe ƙofa da zarar ya hango su. Su ajiye motar, Marilda ta zauna a kujera ƙarƙashin laima da ruwan kwakwa, Zenaide ta shiga teku har ƙirji, Nivaldo na tsaye a gaɓa riƙe da tawul.

Da suka koma Feira ta shiga makarantar koyon tuƙi, ita ce babba a ajin, har ta girmi malamin. Gwajin farko ta faɗi a wajen fakin. Na biyu ta ci, kuma a wannan Lahadin ita ta tuƙa su zuwa coci a tsohuwar motar Nivaldo, ta ajiye ta nesa da ƙofa, inda babu kowa a gaba ko a baya.