Famfon Faya

Shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya ci tsibirin su Mati har da bishiyar da yake ɗaure jirginsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana toshe yoyon jiragen ruwa sai ga shi a tudu, a Yelwa, da mata da 'ya'ya biyar. Allah ya taimake shi aka ɗauke shi aikin gyare-gyare a wani gidan saukar baƙi, har da ɗaki biyu a baya. Idan aikin nan ya kuɓuce, ɗakunan ma sun tafi, kuma babu tsibirin komawa.

Mai kula da gidan shi ne Malam Lawali akawu, wanda ya yi makarantar Midil shekara biyu bai bar kowa ya manta ba. Yana da wani ƙane da yake so ya cusa a gurbin Mati, dalili kawai yake nema.

Ran nan da hantsi ya samu. Aka aiko cewa Baturen madatsar ruwa zai sauka da azahar, ga famfon ruwan zafi na gidan wanka ya lalace. Lawali ya ja Mati ciki ya nuna masa kawunan famfo biyu, irin waɗanda aka samo daga ragowar kayan aikin madatsar. Kowanne da harafi a kan 'yar hularsa.

"Ka ga wanga? C ke nan, kol, sanyi da Turanci. Wanga ko F, faya, wuta ke nan. To fayar ce ka zuba ruwan sanyi awa na randa. In Bature yaz zo ba ta yi zahi ba, ka ɗaure kayanka."

Mati ya murɗa ɗayan mai C, ko ɗigo. "Malam, ai wanga ma ba ya zuba."

"Ina ruwanka da shi? Sanyi ko a tulu akwai. Faya nic ce ka gyara."

Mati bai san bihim ba, amma ya san ruwa, ya kuma san ba a tambayar ruwa inda ya dosa, binsa ake yi. Ya zagaya baya inda gangar ruwan zafi take bisa murhu, ya ƙara mata itace, ya jira ta ɗau zafi. Sannan ya dafa bututun da ya fito daga cikinta, yana bi yana cire hannu yana yarfewa, har inda ya huda bango. Ya dawo ciki ya duba. Bututun nan mai zafi bai je ga faya ba, kansa tsaye ya shige famfon da akawu ya ce na sanyi ne.

Ya je ya gaya masa cikin ladabi. Lawali ya sauke tabarau.

"Kai Mati, yaushe ka yi karatu? Ni za ka koya ma Turanci? Bature da kainai ya rubuta faya, kai ɗan jirgi ka ce ƙarya ya kai?"

"Ni dai hannuna yaj ji, ranka shi daɗe."

"To hannunka bai yi Midil ba."

Mati ya ji haushi har wuya, ya haɗiye. Mai ɗaki biyu na aro ba ya gardama da mai tabarau.

Ya rufe ruwan ganga, ya sa sifana ya kwance kan C. Ciwon bai taka kara ya karya ba: 'yar robar da ke ciki ce zafi ya kumbura ta, ta manne ta toshe hanya. Ya ƙwaƙule ta da tsinin wuƙa, ya yanko sabuwa daga tsohon takalminsa na taya, ya daidaita ta kamar yadda yake wa ramin jirgi, ya mayar ya ɗaure. Da ya buɗe, sai ruwa ya zubo yana tururi.

Ya tsaya yana kallonsa. Ga gyara ya yi kyau, amma ba a inda aka ce ba. Can sai ya lura hulunan nan murɗa su kawai aka yi. Ya kwance su, ya sa ta nan can, ta can nan.

Lawali ya zo ya murɗa F, tururi ya rufe masa tabarau. Bai ji daɗi ba, don ƙanensa ya rasa, amma ya yi maza ya ga wata ribar.

"Ka gani? Da ka bi hannunka da yanzu muna nan. Je ka baya, kak ka hito in baƙo ya iso."

Da azahar Bature ya iso, ya yi jajir da rana, rigarsa sharkaf da gumi. Mati yana raɓe a bayan taga ya ji akawu yana bayani, rabi Turanci rabi Hausa, cewa famfon nan shi da hannunsa ya gyara shi, ma'aikacin nasu bai san komai ba. Bature ya ce madalla, shi dai ruwan sanyi yake so. Ya shiga gidan wanka ya rufe ƙofa.

Ihun da ya biyo baya har masu wanki a bakin ruwa sun ɗaga kai.

Bature ya fito da tawul, yana tsalle yana fifita kafaɗa. Ashe mutumin Italiya ne, kuma famfon ma daga ƙasarsu ya zo.

"C, kaldo, zafi! F, firedo, sanyi! Wane ya juya? Kai! Kai ka ce ka gyara!"

Lawali ya buɗe baki, Turancin Midil ya ƙi fitowa. Ya waiga yana neman Mati. Bature ya ce maza a kira wanda aka ce bai san komai ba, kuma daga yau kada akawu ya ƙara taɓa ko buta a gidan nan.

Mati ya shigo da sifanarsa, ya durƙusa ya gaida baƙo, sannan ya dubi akawu.

"Ranka shi daɗe, in bi hannuna, ko in bi Midil?"