Maganin da Likita Kuang Ya Ba Tsoho Pei

Tun da matarsa ta rasu, Tsoho Pei mai awara ya daina cin abinci. Kuka ma bai yi ba. Zama kawai yake yi gaban hotonta, yana saƙawa yana kwancewa: da ya kai ta asibiti da wuri, da bai bar ta ta fita cikin ruwan sama ba. 'Yarsa Shulan ta dama kunun shinkafa, ta dafa taliya, duk su huce a kwano. Mutum ya koma ƙashi da fata tana kallo.

Ta kira Likita Kuang, wanda ya san gidan tun ba a haife ta ba. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun tsohon, ya duba harshensa, sannan ya ja ta tsakar gida.

"Kawu, me zan tafasa masa?"

"Babu. Cikin da ya ƙi kunu zai karɓi saiwa?" Ya gyara tabarau. "Zullumi ne ya ɗaure masa saifa. A ilmin maganinmu saifa ƙasa ce, kin sani, kuma ƙasar da ta daskare itace ne ke tsaga ta. Itacen jiki hanta ce, abin da ke motsa hanta kuwa fushi ne. Sai ya fusata, fushin da zai tashe shi tsaye."

"To wa zai fusata shi?"

"Ni na gwada a ciki, na ce masa rago, ko ɗago kai bai yi ba. Ke kaɗai kika rage wadda maganarta ke shigarsa."

Shulan ta saki baki. Ita da ko tsinken cin abinci ba ta ɗauka sai ubanta ya ɗauki nasa.

"Kawu, ubana fa kake cewa in zaga."

"Ko ki zage shi, ko ki sa fararen kayan makokinsa kafin damina ta wuce. Kuma idan ya tashi, kada tausayi ya sa ki warware maganar da wuri. In fushin ya huce kafin jiki ya kama, komawa zai yi."

Ta shiga wurin ubanta. Ta nemi zagi ta rasa, don ba ta taɓa koya ba. Abin da ya fito daga bakinta ita kanta sai da ya ba ta tsoro.

"Baba, wahalar banza kake yi. Mama ta sha faɗa mini ta yi nadamar aurenka. Ta ce awarar da gari ke yabo ita ke yi, kai niƙa kawai ka iya, kamar jaki."

Ƙarya ce tsagwaronta. Uwarta har ta mutu ba ta yarda a taɓa mijinta ko da wasa.

Tsohon ya ɗago a hankali. Fuskar da ta yi fari fat ta soma ja, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya tashi ba tare da ya dafa komai ba, ya wawuri butar shayi ya maka ta da bango. Ya zagi Shulan, ya zagi dangin uwarta kaf, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Da numfashi ya ƙare masa, gumi na zuba, sai ya ce a ba shi ruwa. Can kuma ya ce ina kunun nan.

Da safe ƙarar dutsen niƙa ce ta tashe ta. Ta fito da murna, sai ta yi turus. An kife hoton uwarta a kan tebur, turaren wutar da ake kunnawa gabansa an tsoma shi a ruwa. Ita kuwa ta ɗauka a kanta fushin zai sauka, ba a kan uwarta ba.

Ya shigo ya zauna, ta ajiye masa taliya. Ya ci rabi, sannan ya ajiye tsinkayen bai dube ta ba.

"Shulan, da gaske ta ce ta yi nadama?"

Ta dubi siraran hannayensa, ta dubi abin da ya rage a kwanon.

"Da gaske, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya ja kwanon gabansa ya ci gaba da ci.